Nas-nas ɗin ICU a lokacin annoba: yaushe gajiya ke zama ciwo, kuma me za a yi?

Nas_Arewa:

Assalamu alaikum. Tambayata ga manyanmu da suka daɗe a aikin jinya, da kuma likitocin ƙwaƙwalwa. Tun bayan korona ake ta maganar tanadin bentileta (na'urar da ke taimaka wa mara lafiya numfashi) da oksijin da kayan kariya saboda annobar gaba, amma da wuya a ji an ambaci wadda ke tsaye a bakin gadon. A 2020 an ga nas-nas ɗin ICU, wato sashen kulawa ta musamman ga waɗanda ciwo ya tsananta, da barci ya ƙaurace musu, wasu suka koma faɗa da kowa, wasu suka nemi canjin sashe, wasu suka ajiye aikin baki ɗaya. Ga Lassa tana dawowa duk rani, mashaƙo ma ya cika gadaje a Kano a 2023, don haka maganar ba ta wuce ba.

Abu uku nake son sani. Ta yaya shugabar sashe za ta bambance gajiyar da hutu ke maganinta da ciwon da sai an ga likita? Me za a iya gyarawa a tsarin duti ba tare da jiran kuɗi daga sama ba? Sannan idan nas ta furta cewa gara ta mutu ta huta, me ake yi a wannan sa'ar? Don Allah a ba ni abin da za a iya aiwatarwa, "a yi haƙuri" kam kowa ya iya faɗa.

Tsohuwar Matiron:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan ɗauki ta biyun, domin da yawa daga abin da ake kai wa likitan ƙwaƙwalwa a kan takardar rosta, wato jadawalin duti, aka ƙulla shi.

Ƙa'idar ICU ita ce nas ɗaya ga mara lafiya ɗaya idan yana kan bentileta, ɗaya ga biyu idan ya ɗan samu sauƙi. Annoba takan rushe wannan. Ko a Ingila, a watan Maris na 2020 sai da aka amince ƙwararriyar nas ɗaya ta riƙe gado har shida, da taimakon waɗanda aka aro daga wasu sassa. Illar aron ita ce, wadda aka ɗauko daga ɗakin haihuwa ko na tiyata ba ta san kukan injinan ba, tana aiki gabanta na faɗuwa, ita kuma ƙwararriyar idonta ɗaya na kan gadaje, ɗaya na kan hannun baƙuwar. Duk su biyun sai su koma gida suna ganin sun gaza. Ki raba musu aikin a rubuce, ki manna a bango. Baƙuwa ta riƙe awon zafin jiki da hawan jini, auna fitsari duk awa, goge baki da idanu, gyara kwanciya. Ƙwararriya ta riƙe saitin bentileta, zuƙe majina daga bututu, da magungunan da ke tafiya ta famfo. Wadda ta san iyakar abin da ake nema daga gare ta takan iya barci idan ta koma gida.

Kwantar da mai bentileta rub da ciki yana buƙatar mutum biyar, ɗaya a wajen kai yana riƙe da bututu, kuma akan bar shi haka awa 16. Kada a bar nas ta riƙa yawon roƙon hannu a duk lokacin da za a juya. A ware tawaga da lokaci tsayayye: a kifa da ƙarfe 4 na yamma, a mayar rigingine da ƙarfe 8 na safe.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. A asibitocinmu 'yan'uwa masu jinya ne ke ciyar da mara lafiya, su wanke shi, su ruga kyamis, su zauna kusa da shi suna masa addu'a. Ranar da aka killace sashe, duk wannan ya dawo kan nas, har da laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, har da waya daga dangi goma kowa na tambayar jiki. Ki nemi ƙarin ma'aikatan tsafta da masu taimako, ko da mutum biyu ne a kowane duti, sannan ki sa ɗan aike ɗaya a wajen ƙofa mai miƙo magani da kai jini lab, don kada a riƙa tuɓe kayan kariya saboda sirinji ɗaya. Batun waya kuwa, kowane gida su ba da lambar mutum ɗaya, a kira shi sau ɗaya a rana a lokacin da aka sanar, daga wayar sashe. Nas kada ta ba da lambarta, in ba haka ba har cikin ɗakinta aikin zai bi ta.

Sai kayan kariya. A Afrilu da Mayu zafin arewa yana haura maki 40, kuma azumin 2020 a daidai wannan lokacin ya faɗo. Bayan awa biyu a cikin riga mai rufe jiki, gumi ya taru a safar hannu da cikin takalmin roba, tabarau ya yi hazo, takunkumin N95 ya ci karan hanci ya bar sawu ja. Abin da ya fi ɓarna shi ne nas-nas kan daina shan ruwa kafin su shiga, don kada fitsari ya kama su. Ƙarancin ruwa yana kawo ciwon kai da saurin fushi da kuskuren lissafin magani. A rubuta lokacin shiga a allo, bayan awa biyu a fito minti 20 zuwa 30, a sha aƙalla rabin lita, a ajiye ruwan gishiri da sukari a wurin hutun. Wadda ke azumi a sa ta dutin dare idan da hali, sauran hukuncin kuma ta tambayi malami tun kafin ta jigata.

Rostar kanta: kada dutin dare mai awa 12 ya wuce uku a jere, a bar aƙalla awa 11 tsakanin duti da duti, kuma bayan an gama na dare a samu barcin dare biyu cikakku kafin a dawo na safe. A fitar da ita mako biyu kafin lokaci, saboda masu goyo da masu yara a makaranta su shirya. A halatta gyangyaɗin minti 20 zuwa 30 bi da bi tsakanin ƙarfe 2 da 4 na dare; idan ya zarce haka mutum kan tashi da nauyin kai. Kofi da shayi mai kauri da goro a dakatar da su awa shida kafin lokacin kwanciya.

Wani ƙaramin abu mai rage fargaba sosai: babbar silindar oksijin mai ɗaukar wajen lita 6,800, idan ana ba da lita 15 a minti, awa bakwai da rabi take yi. A lissafa, a rubuta lokacin ƙarewarta a filasta a manna a jikinta, a kawo ta canji tun da saura kwata. Nas ɗin da ba ta san ko iska za ta kai asuba ba, a tsorace take yin dukan daren.

Idan an yi rasuwa mai nauyi, ina ganin ya dace a tara kowa a zauna a yi magana kafin a watse.

Likitan Ƙwaƙwalwa:

Hajiya Matiron ta gama da tushe, Allah ya saka. Sista, ga amsar ta farko da ta uku.

Ki fara da sanin girman abin. Wani bincike da aka buga a Maris 2020 a kan ma'aikatan lafiya 1,257 a asibitoci 34 na ƙasar Sin ya samu kusan rabinsu da alamun ciwon damuwa, kashi 34 cikin 100 da rashin barci, kuma nas-nas da mata ne abin ya fi tsananta a kansu. Wani kuma a Ingila, a kan ma'aikatan ICU 709 a tsakiyar 2020, ya samu kusan kashi 40 cikin 100 da alamun ciwon firgici, sannan kusan nas ɗaya cikin biyar ta ce tana yawan tunanin gara ta mutu ko ta cutar da kanta. Ma'ana, a sashe mai nas 20 ba batun mutum ɗaya mai raunin zuciya ake yi ba.

Abubuwa uku ake haɗawa wuri ɗaya, alhali maganinsu daban ne.

Akwai ƙosawa da aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana ta a matsayin matsalar wurin aiki, ba cuta ba: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta bushe game da marasa lafiya, mutum na ganin aikinsa ba ya tsinana komai. Alamarta ita ce tana sassautawa idan an nisanci aikin. A ba nas hutun mako guda, za ki ga ta ci abinci, ta je suna, ta yi dariya.

Ciwon damuwa shi yana bin mutum har gida. Ma'auninsa mako biyu: kusan kullum, mafi yawan yini, rai a ɓace ko kuma babu abin da ke yi mata daɗi, tare da lalacewar barci, musamman farkawa tun kafin asuba a kasa komawa, rashin cin abinci, kasa tattara hankali da yawan zargin kai. A wajenmu da wuya ta ce miki "ina da damuwa". Za ta ce kanta na zafi, gabanta na faɗuwa, wani abu na yawo a jikinta. Idan kika ga nas ta sha maganin maleriya da taifot sau uku cikin wata biyu, gwaji kuma bai nuna komai ba, ki zauna da ita.

Na ukun shi ne ciwon firgici bayan mummunan abu. Abin yana dawo mata kamar yanzu yake faruwa, a mafarki ko ido biyu. Ƙarar waya ko ta firji sai ta ji kamar kukan monita ne, wato na'urar da ke lura da mara lafiya. Tana kauce wa abin da zai tuna mata, misali ta roƙi kada a ba ta wani gado takamaimai. Kullum a zabure take. A makonnin farko wannan martanin jiki ne, kuma yawanci yakan lafa da kansa. Sai ya haura wata guda yana hana ta rayuwa ake kiransa ciwo.

Ke shugaba ba a ce ki gano cuta ba, canjin hali za ki lura da shi. Mai fara'a ta yi shiru, mai zuwa da wuri ta fara makara, mai tsanaki ta fara kuskuren magani. Kada ki manta da wadda ta ƙi tafiya gida, tana karɓar dutin kowa. Akan yabe ta, alhali sau da yawa kaɗaicin ɗakinta take gudu. Akwai takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinta daga 0 zuwa 27. 10 zuwa sama na buƙatar ganin likita, 20 zuwa sama ya yi tsanani. Tambaya ta tara ita ce ta tunanin mutuwa, kuma duk amsar da ba sifili ba a can, a ranar ake bibiyarta komai ƙanƙantar jimillar.

Idan ta ce gara ta mutu, ki ja ta wuri mai sirri ki tambaye ta kai tsaye: "Kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta dasa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Idan ta ce e, ki tambaya ko ta tsara yadda za ta yi, ko ta tanadi wani abu, ko ta taɓa gwadawa. Kada a bar ta ita kaɗai. Ki karɓi makullin kabad ɗin magani cikin mutunci, ki sauke ta daga duti kina gaya mata cewa ba horo ba ne. Likita ya gan ta a ranar. Ita za ta zaɓi wanda za a kira daga gida, shi kuma a ce ya kwashe magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunta zai kai. Kada ki yi alkawarin rufe maganar gaba ɗaya, ki ce za ki sanar da wanda ya zama dole kawai. Kuma wannan ba sa'ar wa'azin azaba ba ce. Ta riga ta san hukuncin, tsoratarwa za ta sa ta rufe baki ne kurum. Sashe na 231 na kundin Penal Code, wato dokar laifuka ta Arewa, da ya mai da yunƙurin kashe kai laifi yana cikin abin da ke sa mutane ɓoyewa, don haka ki tabbatar mata wajen likita za a je. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Kware ta Sakkwato, Maiduguri da Dawanau ta Kano, ga kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa.

Hajiya, da izininki, gyara ɗaya a kan taron bayan rasuwa. Idan taron minti biyar ne, a yi wa mamaci addu'a, a faɗi abin da ya faru a aikace, a duba wa ke buƙatar fita ta sha iska, yana da kyau ƙwarai. Abin da aka daina ba da shawararsa shi ne zama ɗaya na dole da ake sa kowa ya zayyana abin da ya gani da yadda ya ji. An gwada shi, bai hana ciwon firgici ba, wasu ma ya ƙara musu. Wadda ke son magana a saurare ta, wadda ba ta so a ƙyale ta, a sake duba ta bayan kwana biyu, bayan mako, bayan wata.

Sai roƙo: kada diazepam ya zama maganin barcin sashe. Yana kawo sabo cikin 'yan makonni, ba ya hana ciwon firgici, kuma yana bar wa mai dutin safe nauyin kai. Ciwon firgici maganinsa na farko zaman tattaunawa ne da ƙwararre, kamar sau 8 zuwa 12. Na damuwa kuwa, idan likita ya rubuta irin su fluoxetine ko sertraline, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware. Masu dainawa a kwana goma don "bai yi aiki ba" su ne ke dawowa.

Malamin Jinya:

Dakta, akwai wani rauni da PHQ-9 ba ta kamawa. Tun 1984 wani masani ɗan Amurka, Andrew Jameton, ya bayyana halin da nas kan shiga idan ta san abin da ya dace amma yanayi ya ɗaure mata hannu. Bentileta ɗaya, masu buƙata uku. Dattijo na kiran sunan ɗansa, doka ta hana ɗan shiga. Gawa ta fita ba a yi mata wanka yadda dangi suka saba ba. Wannan ba tsoro yake bari a zuciya ba, kunya yake bari da jin an ci amana, kuma hutu ba ya goge shi.

Abin da ke rage shi tsari ne. Shawarar wa za a ba na'ura kada ta taɓa zama a wuyan nas ɗin da ke bakin gado da tsakar dare. A rubuta sharuɗɗan tun kafin gadaje su cika, manyan likitoci biyu su yanke, su sa hannu, kuma babba ya furta a gaban kowa cewa alhakin na hukumar asibiti ne. A tanadi waya ta sashe a cikin leda mai tsafta don iyali su yi bankwana. A zauna da malamai da fastoci tun farko a daidaita yadda za a yi sutura, don nas ta samu amsar da za ta ba dangi.

Sannan ina da ja a kan takardar tambayoyin. Idan shugabar sashe ce ke rabawa tana karɓa, kowa sifili zai cika, saboda tsoron a rubuta masa "taɓin hankali" a fayil, ya rasa ƙarin girma, budurwa ma ta ji tsoron maganar ta kai gidan su saurayi. A ba wani daga wajen sashe ya karɓa, sakamakon ya tsaya wajen likita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi sirrin mara lafiya da hana nuna masa bambanci, kuma nas ma tana cikin waɗanda ta kare.

A kuma sa ido kan kabad ɗin magani. Pentazocine da tramadol, magungunan kashe zafin ciwo masu sa sabo, suna kusa da hannu, mai ciwon baya da rashin barci kan fara da allura ɗaya. Mutum biyu su ƙirga a kowane miƙa duti, su sa hannu. Idan an samu giɓi, a fara da tambayar lafiyar mutum kafin takardar tuhuma.

Kada a rufe tallafin ranar da aka sallami mara lafiya na ƙarshe. Bayan annobar SARS, cutar numfashi mai tsanani, ta 2003, an bi ma'aikatan asibitocin Toronto a Kanada, aka tarar shekara ɗaya zuwa biyu bayan nan suna fama da ƙosawa da firgici fiye da takwarorinsu da ba su yi jinyar masu cutar ba. Wani lokaci sai ƙura ta lafa ciwon ke fitowa.

Nas_Arewa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Dakta, saura ɗaya: wadda ta yi jinya ta samu sauƙi, a mayar da ita ICU ko a canza mata sashe?

Likitan Ƙwaƙwalwa:

A tambaye ta, Sista, kada a yanke a bayan idonta. Cire ta ba da son ranta ba yakan tabbatar mata da abin da take zargin kanta da shi, wato ta gaza. Idan tana son komawa, a yi shi daki-daki cikin mako huɗu zuwa shida: makon farko rabin duti da rana, tare da abokiyar aiki da ta yarda da ita, ba tare da riƙe mara lafiya mafi tsanani ba. Dutin dare shi ne na ƙarshen dawowa, domin rikicewar barci na iya tayar da ciwon. Ranakun ganin likitanta a saka su cikin rosta a matsayin aiki, kada a cire daga hutunta. Ku zauna minti goma duk mako, ku kuma amince tun farko a kan alamu biyu ko uku da idan sun bayyana za a rage mata nauyi, misali kwana uku a jere babu barci, ko dawowar mafarkan. Abokan aiki kuma abin da ita ta amince a faɗa musu kaɗai za a faɗa.